Yaya, motar nan ba tawa ba ce

Assalamu alaikum Yaya,

Da fatan kuna lafiya. Ya jikin Inna? Ya Anti da yara? Ni lafiya lau, sanyin Manitoba ta Kanada ne dai, shi ma mun saba.

Maganar hoton nan ce ta zaunar da ni rubutu. Sadiya ta ce an baza a gida wai na sayi mota, har Kawu ya zo yana cewa a tuna mini da rufin shagonsa. Wallahi Yaya ba tawa ba ce, ba ma ta hawa titi ba ce. Injin gyaran ƙanƙara ne da dillali ya kawo filin hokin da nake aiki, wato wasan da ake yi da sanda a kan ƙanƙara, don a gwada, na ɗare kai aka ɗauke ni. Sabonsa ya haura dalar Kanada dubu 100. Ni da muke kwana mu uku a ɗaki ɗaya?

Bari ka ji aikinsa, ka bayyana wa Inna. Filin ƙafa 200 ne a tsawo, 85 a faɗi, yara suna gurje shi da takalma masu kaifi a ƙasa. Injin sai ya zagaya, wuƙarsa tana kankare saman, ya kwashe garin ƙanƙarar cikin tanki, ta baya kuma yana shimfiɗa ruwan zafi da wani tawul. Ruwan zafi kan ƙanƙara fa! Na ɗauka tsokanata suke yi, ashe shi ya fi kwanciya sumul. Minti goma fili ya koma kamar madubi. Wani Ba'amurke, Frank Zamboni, ya ƙera na farko a Kalifoniya a 1949, shi ya sa ko wane kamfani ya yi, Zamboni ake ce masa.

Namu tsoho ne mai tukunyar gas, sau biyu yana macewa a Janairu. Ran nan da shebur da tiyo muka gyara filin, yatsuna har ba na jin su. Ba komai. Amma an soke wasanni, aka rage mini awoyi, shi ya sa abin da na turo bai kai na da ba. Na ji kunya, Allah ya sani.

Yanzu kwamitin filin na ta ja-in-ja: sabo mai batir ko na hannu. Mai batir ba ya hayaƙi a rufaffen wuri, tsada ce matsalarsa. Suna duba ƙirar Zamboni ta garin Brantford da ƙirar Olympia ta garin Elmira, duk a lardin Ontario. Iyayen yara na tara kuɗi, har da tikitin caca, ni ban sa hannu ba. Maigidana ya ce in an sayo ni za a koya wa tuƙinsa, albashi kuma zai ɗan motsa. Cikin mu ma'aikata uku ni ya zaɓa.

Kuɗin nan na maganin Inna ne da makarantar Sadiya. Kada a taɓa shi don rufin kowa. Ka ba Kawu haƙuri da bakinka, kada ka aiki yaro, ka san halinsa. Kuma ka karɓi rasit a makarantar ka turo mini ta WhatsApp, na zangon da ya wuce har yau ban gani ba. Maganin Inna tukuna, Yaya, kafin komai.

Sadiya ta goge hoton nan daga Facebook yau yau.

A ce wa Inna ta sa ni a addu'a. Kwana biyu miyar kukarta nake ta mafarki.

Ƙaninka,
Habu