A buɗe littafin shekara kafin habub ya taso

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu yi magana da 'yan uwanmu Hausawan Sudan, na Mai Wurno da Gadarif da Kasala da Damazin da ƙauyukan Jazira, kan wani aiki mai arha da muke sakaci da shi, wato ajiye littafin shekara. Nufinmu mutum ya riƙa rubuta abin da ya faru a gidansa da unguwarsa kullum, layi biyar ko shida, da Hausa, har shekara ta zagayo. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 an yi asarar takardu masu yawa, wasu a gidajen da aka gudu aka bari, wasu a hanya. Waya kuma ta nuna iyakarta a Fabrairun 2024, lokacin da sadarwa ta ɗauke a mafi yawan ƙasar. Abin da ba a sa a takarda ba, ƙwaƙwalwa ba ta daɗewa take gauraya shi da na bara.

A sayi ƙananan littattafan rubutu huɗu masu shafi 60, maimakon babba guda ɗaya. Rabin shafi a rana ya isa, don haka kowane littafi zai ɗauki wata uku har da saura. In ruwa ko gara suka ci ɗaya, kashi ɗaya cikin huɗu ne ya tafi. A zaɓi wanda aka ɗinke da zare. Ƙarfen da ake maƙale takarda da shi yana tsatsa a damina ya cinye tsakiyar shafi, na gam kuwa zafin Afrilu da Mayu yana busar da shi ya karye, shafuka su zube.

Batun abin rubutu ya fi wannan muhimmanci, kuma a nan aka fi yin kuskure. Tawadar allo, ta gawayi da ƙaro, an yi ta ne domin a wanke, ɗigon ruwa ɗaya ya ishe ta. Alƙalamin kanti mai tawada ruwa-ruwa shi ma yakan malale in takarda ta jiƙe. Biro na yau da kullum ya fi jurewa, amma fensir ya fi su duka, domin ruwa ba ya narkar da shi, rana ba ta koɗar da shi. Illarsa ɗaya ce, gogayya: in littafin yana yawo a aljihu rubutun zai dushe. Wanda ya fi sakewa da ajami ya yi da ajami, sai dai ya sa wasali a kowace kalma. Ajamin da babu wasali, mai shi ma yakan tsaya yana canki bayan shekara guda, balle jikansa.

Me za a rubuta? A fara da kwanan wata biyu, na Hijira da na Miladiyya, sai sararin sama, sai farashin abu ɗaya, wanda shi za a riƙa bi duk shekara, kamar malwar dawa (malwa ma'aunin hatsi ce ta nan) ko buhun gawayi, sai magana ɗaya da aka ji daga bakin wani, a rubuta ta yadda ya faɗe ta, ko da ya gauraya Hausa da Larabci. Kada a gyara masa. Wannan gaurayen shi ne Hausarmu ta nan, kuma ba mai adana ta in ba mu ba. Sunan maƙwabci kuwa a taƙaita shi zuwa harafi ɗaya, musamman a irin wannan zamani da takarda kan faɗa hannun da ba a so.

"An yi ruwa sosai" ba ya gaya wa kowa komai. A sami gwangwani wanda faɗin bakinsa daidai yake da na gindinsa, a kafa shi tsakanin tubala a fili, nesa da bango da itace da indararo, inda akuya ba za ta ture shi ba. Kowace safiya a lokaci ɗaya a tsoma rula a karanta zurfin ruwan da milimita, a rubuta, a zubar. Milimita ɗaya daidai take da lita ɗaya a kan murabba'in mita. In aka bari sai azahar, rana ta riga ta sha wani abu daga ciki, lissafin ya ɓaci. A gefen adadin a sa sunan tauraron da ake ciki, irin lissafin da manoman Sudan ke kira "ina" da Larabci: Dura'a daga wajen mako na biyu na Yuli, sai Natra, Ɗarfa, Jabha, Hirsan, Sarfa, Iwa da Simak, kowane kwana 13, Jabha 14. Malaman ƙasar Hausa ma sun san waɗannan taurari a lissafinsu. Ɗarfa ce Larabawan nan ke yi wa laƙabi da mai kuka, saboda yadda ruwanta ke jimawa yana zuba. Mai littafi zai iya gwada wannan laƙabi da rularsa.

Sai habub, guguwar ƙura, wanda wasu ke kira kattaha. Yana tasowa ne idan hadari ya haɗu, iska mai sanyi ta faɗo daga gajimare ta bugi ƙasa ta bazu, ta kwashi busasshiyar ƙasa ta turo ta gaba kamar katanga. Shi ya sa ya fi yawa daga Mayu zuwa Yuli, lokacin da sama ta fara haɗa hadari amma ƙasa ba ta jiƙe ba, kuma galibi da la'asar ko magariba. Daga hango jan bangon zuwa isowarsa mintuna ƙalilan ne, saboda haka wurin littattafai ya zama sananne tun kafin ranar: akwatin ƙarfe mai murfi, kusa da hannu. A toshe kafofin taga da tsumma mai laima, amma kada tsumman ya kusanci takarda. Sau da yawa ruwa na biyo bayan ƙurar, ita kuwa ƙura in ta haɗu da ruwa a kan littafi ta zama taɓo.

Bayan ya lafa, kada a buɗe littafin da ƙura ta hau. A matse shi a rufe, a share samansa da burushi mai taushi daga wajen ɗinki zuwa baki, sannan a buɗe. Wanda ya fara buɗewa ya tura yashi cikin ɗinkin, yashin kuma zai riƙa cin zaren a hankali.

Damina ta fi habub ɓarna. Akwatin ya hau tubali biyu ko uku, ya bar bango da taƙi guda, domin bangon ƙasa yana shan laima, kuma ta nan gara ke hawowa. A duba ƙarƙashinsa kowace Juma'a, in an ga siririyar hanyar ƙasa a jikin tubali, ta iso. Busasshen ganyen darbejiya a ƙullin tsumma yana rage ƙananan ƙwari, amma ba ya tsayar da gara. Leda tana da amfani ranar gudun ambaliya kawai. Littafin da aka ɗaure a leda wata guda a damina yakan yi gumi ya yi fumfuna. Mutanen Kasala da ke kusa da kogin Gash, da na bakin kogin Nilu daga Rusairis zuwa Sinnar, su tuna cewa ruwa ya fi cika a Agusta da farkon Satumba. Ambaliyar 1988 da ta 2020 duk a wannan tsakanin suka yi tsanani.

In littafi ya jiƙe, kwana biyu zuwa uku ake da su kafin fumfuna ta kama. Kada a shanya shi a rana, domin bangon zai lanƙwashe, shafuka su yamutse. A tsayar da shi a inuwa inda iska ke ratsawa, a ɗan buɗe shi, a sa farar takarda busasshiya bayan kowane shafi 20, a riƙa canza ta in ta sha ruwa. Idan ya kusa bushewa a kwantar da shi a danne da abu mai nauyi. Shafuka masu sheƙi a raba su tun suna jiƙe, in suka bushe a manne sun manne ke nan. Duk ƙarshen wata kuma a ɗauki hoton shafukan a tura wa ɗan uwa a wani gari ta WhatsApp ranar da aka sami sadarwa.

Karatu shi ke ciyar da rubutun. Minti 20 bayan isha'i a hasken fitilar sola, a karanta da ƙarfi ga mutanen gida, ko wane littafin Hausa ne ya samu. Daren Juma'a a karanta musu abin da aka rubuta a makon. Inda yara suka daina saurare, nan ne rubutun ya yi sanyi, a sa alama.

Idan shekara ta cika, mai son ƙaga labari ya zauna da littattafansa huɗu ya fitar da ranaku 12 da suka fi tsaya masa a rai. Daga cikinsu ya ɗauki guda, misali yammacin da habub ya tarar da mata a hanyar kasuwa, ya sa mutum ɗaya a ciki mai wata buƙata da dole ta biya kafin dare, ya canza sunaye da unguwa. Farashin dawa da launin sama da maganar da aka ji a ranar duk suna nan a rubuce, ba sai ya ƙirƙiro su ba. Kuskuren masu farawa shi ne son cusa shekarar gaba ɗaya a labari guda, sai ya koma jerin kwanaki. Shafi huɗu a kan yammaci ɗaya sun isa rubutun farko. A ajiye shi mako biyu, sannan a sake kwafe shi da hannu a sabuwar takarda, domin a wurin kwafa ne jimlar da ba ta da aiki ke bayyana.

Wassalam.

Wasu malaman makaranta,
Gadarif, Sudan