Dattijon da aka buge a titi, wa zai taya iyalinsa jinya?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi magana a kan mutanen da ake mantawa da su idan za a yi titi a Kano, wato masu tafiya a ƙasa da masu keke, musamman dattawa.

Gadojin sama na Ƙofar Nassarawa da Dangi da Hotoro sun rage cunkoso, ba mai musun haka. Amma mai mota aka yi wa su. Shi na ƙasa, titi ya ƙara faɗi, motoci sun ƙara gudu, ga shingen kankare a tsakiya wanda saurayi zai haye da tsalle ɗaya, tsoho kuwa sai ya bi yana neman inda aka fasa. Ɗan gefen da aka bari don masu tafiya, 'yan tebur da masu faci sun cika shi, kwata kuma a buɗe. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013, adaidaita sahu ta mamaye bakin titi, inda mai keke yake raɓawa.

A irin wannan wurin kawuna ya gamu da tsautsayi. Ya haura saba'in, turare yake kai wa shaguna a kan kekensa. Wani mai adaidaita ya yanko gabansa zai ɗauki fasinja, kawu ya faɗi, ƙashin ƙugunsa ya karye. An yi aiki, likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, aka sallame mu. A gida ne muka san me ake kira jinya. Sai an riƙa juya shi dare da rana don kada gyambo ya fito masa a baya. A ɗaga shi a sa masa fo, a wanke ciwo, a sayi famfas na manya da auduga. Inna, matarsa, ita ma fama take da hawan jini, ba ta iya ɗaga ko kafaɗarsa. 'Yarsa ta ajiye keken ɗinkinta ta dawo gida da goyo. Ranar zuwa gashin ƙashi a asibiti sai ƙarti biyu sun cicciɓe shi zuwa motar shata. Da kuɗi suka ƙare aka daina kai shi, yau ga ƙafar nan ta sandare. Mutumin da bai taɓa rasa sallar asuba a masallaci ba!

A 2022 aka sa hannu a dokar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, kuma ta tanadi asusu don marasa galihu, har da tsofaffi. Tun kafin nan dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Roƙona ga masu tsara abin da inshora za ta biya, a Abuja da jihohi, su sa jinyar bayan sallama a ciki.

Na san da zarar an ambaci gidan tsofaffi mutanenmu za su ce Allah ya kiyaye, kai mahaifi can abin kunya ne. Ni ma ba shi nake nema ba. Mazaɓu da yawa suna da ƙaramin asibiti da ma'aikatan lafiya. A biya su su riƙa leƙa irin su kawu sau biyu a mako, su duba ciwo, su koya wa matan gida yadda ake juya majinyaci ba tare da sun ji wa bayansu ciwo ba, a ba da aron keken guragu da sandar dogarawa.

Su kuma masu ba da kwangilar titi, a sa hanyar masu tafiya da ta keke tun a zane. A bakin kasuwanni da masallatan Juma'a a yi wurin tsallakawa na ƙasa mai fitila da tudun rage gudu, domin mai ciwon gwiwa ba zai iya hawa matakalar gadar tsallake ba.

Na gode.

Mai karatunku daga Kurna, Kano