Godiya Ga Garejin Da Ya Raka Baburanmu Zuwa Garuruwan Makaɗa

Zuwa ga Maigida da yaransa,
Garejin gyaran babura da ke wajen Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ya aiki, ya iyali? Na rubuto wannan takarda a madadin abokan tafiyata, waɗanda muka hau babura muka zaga garuruwan makaɗa na ƙasar Katsina da Daura don kai taimako ga tsofaffin makaɗa da 'yan amshi da iyalansu. Kun roƙe ni kada in ambaci sunanku, na kuwa cika alkawari. Amma ba ku hana ni faɗin abin da kuka yi ba, kuma yaba kyauta tukwici. Duk ɗan acaɓan da ke zirga-zirga ta wannan ƙofa zai gane wanda nake nufi.

Ga wanda bai san mafarin zancen ba, samarin cikinmu ne suka daɗe suna ganin yadda masu babura a wasu ƙasashe ke haɗa yawo da taimako. A birnin Sidni na Ostareliya an fara wani irin hawa a 2012, yanzu ana yin sa a birane da dama don tara kuɗin yaƙi da cututtukan da ke damun maza. A Amurka kuma akwai masu bin babbar hanya mai lamba 61, wadda ta ratsa Memfis da jihar Misisifi ta dire Niyu Olins, saboda yankin ne mahaifar kiɗan da jikokin bayi baƙar fata suka ƙirƙira. Ana cikin wannan hira wani dattijonmu ya ce, to mu wa muka bar wa namu?

Tambayar ta zauna daram. A Musawa aka haifi Alhaji Mamman Shata, ya zauna Bakori yana saurayi, ya kafa gida a Funtuwa, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, da ya rasu a 1999 kuma aka kai shi Daura, garin ubangidansa Sarkin Daura Muhammadu Bashar, aka binne shi can. Ƙasar Funtuwa ɗin nan ce ta ba mu Hajiya Barmani Coge mai kiɗan ƙwarya, wadda ta rasu a 2013. A fadar Katsina akwai gidan taushi, a fadar Daura har gobe ana buga tambura ana busa kakaki da algaita, musamman lokacin Sallar Gani. Waɗannan sunaye kowa ya san su. Waɗanda ba a sani ba su ne mutanen da suka tsaya bayan mawaƙan shekara da shekaru, mai kalangu da mai kuntuku da masu amshi. Muryoyinsu na cikin wayar kowa, ana tura su daga wannan waya zuwa waccan, ana sa su a motar haya da gidan biki, amma ko sisi ba ya komawa hannunsu. Da yawansu sun tsufa, wani ido ya tafi, wani hawan jini ya kwantar da shi. Ni dai ina ganin abin kunya ne a gare mu, mu da muka tashi da waɗannan kaɗe-kaɗe a kunne. Akwai waɗanda suka ce mana ina ruwan sadaka da maroƙa. Ba mu tsaya musu da su ba, tunda tsoho mai jinya ba a tambayar sana'arsa kafin a saya masa magani.

Tara kayan bai ba mu wuya sosai ba. 'Yan kasuwa da ma'aikata da mu kanmu muka haɗa shinkafa da gero da mai da atamfa da yadi, da ɗan kuɗin asibiti a ambulan. Kayan masu nauyi mota ce ta ɗauka. Inda gizo ke saƙar shi ne baburan.

Kowa a jihar nan ya san abin da ayarin babura yake nufi yanzu a ƙauye. Mata kan kwashi yara su shige daji tun daga jin ƙara. A 2021 sai da gwamnatin jiha ta taƙaita hawan babur da dare, ta hana goyon mutum uku, ta hana sayar da fetur a jarka, duk saboda 'yan bindiga. Ga shi hanyarmu ta kudu ta bi ta Caranci da Kankiya da Musawa da Malumfashi da Bakori kafin Funtuwa. Mu da muka zo garejinku neman a canza mana baƙin mai kawai, wannan magana ce kuka fara zaunar da mu a kanta, kafin ku taɓa ko sifana.

Maigida, kun ce kada mu tafi a dunƙule, mu rarrabu ƙungiya-ƙungiya da tazara a tsakani. Kowa ya sa hular kwano da riga mai haske iri ɗaya, kada wanda ya naɗe fuska da rawani ko da ƙura za ta cika masa baki. Duk mai salansar da aka fasa don ta yi ƙara ya mayar da ita yadda kamfani ya yi ta, in ba haka ba ya zauna gida. La'asar ta same mu a cikin gari, ba kan hanya ba. Takardun da muka rubuta wa 'yan sanda da hakimai kun ce sun yi kyau, amma takarda ba ta isa bakin tasha. Sai kuka ɗauki waya kuka shiga kiran makanikai 'yan uwanku gari-gari, wasu yaranku ne da kuka yaye, kuna gaya musu ga ranar da za mu wuce, ga kalar rigarmu, ga abin da ya kawo mu. Su kuma suka gaya wa masu faci da masu shayi da 'yan acaɓan tasha. Shi ya sa duk inda muka shiga labarinmu ya riga mu, maimakon gudu sai yara suka riƙa bin mu suna ɗaga hannu. Wannan aiki ba ya cikin abin da ake biyan makanike, kuma ba na jin akwai ofishin da zai iya yi mana shi cikin yini guda.

Ranar duba baburan kuwa an sha kallo. Akwai Boxer da Jincheng da Haojue, da manya guda-guda na masu hali, duk kuka jera su a inuwa. Kowane sai an tayar da shi kun tsuguna kun kara kunne kusa da injin, ku ce a ƙara wuta, ku ce a saki, sannan ku faɗa wa yaro abin da zai kwance. Wani abokinmu da ke ji da babur ɗinsa, ya wanke shi yana ƙyalli, kuka ɗaga sarƙar da yatsa ɗaya ta taso ta bar haƙoran, kuka ce wannan ba za ta kai Kankiya ba. Ya ce ai jiya ya je Jibiya da ita ya dawo. Kuka ce to Allah ne ya dawo da shi, amma ku ba za ku sa hannu a kai ba. Sai da aka canza. Kun kuma ajiye mana fulogi biyu a tafin hannu, na gaske da na jabu, kuka nuna mana inda rubutun ya bambanta da yadda bakin na jabun ke saurin cinyewa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kayan gyara suka yi tashin gwauron zabo, jabu ya cika kasuwa, kuma makanike da yawa kan sa wa mutum shi su karɓi kuɗin na gaske. Ku kuwa kuɗin kaya kaɗai kuka karɓa, a farashin da kuka saro, kuɗin aiki kuka ce ku ma naku taimakon ke nan.

Sannan kuka haɗa mu da yaranku biyu da jakar kayan aiki da famfo da kayan faci, alhali gareji na cike da aiki.

Amfaninsu ya fito tsakanin Malumfashi da Bakori. Ɗaya daga cikinmu ya sha man kwalba a bakin hanya, ba mu yi nisa ba babur ya fara shaƙewa yana tari, can ya mutu. Wurin ba gida gaba ba gida baya, rana kuma ta karkata. Babban yaron naku bai ce uffan ba. Ya shimfiɗa buhu a ƙasa, ya kwance kafireto, ya jera ƙananan kusoshin a murfin galan don kada su ɓace cikin yashi, ya nuna mana ruwa da datti kwance a gindinsa. Ya wanke da fetur mai kyau, ya hura 'yar ƙofar man da baki, ya ɗaga ta sama ya leƙa har ya hango haske, ya mayar. Ƙaramin kuma ya tsiyaye tankin ya tace man da tsumma. Bugu biyu babur ya tashi. Mun yi sallar la'asar a Bakori.

Amma abin da ya sa na ce lallai sai na rubuta wannan takarda a wani gida ya faru, a Funtuwa. Mai gidan tsoho ne da ya yi shekaru yana amshi, yanzu ba ya gani sosai. Mun sauke masa kayan abinci, ya yi ta sa albarka, ya sa aka ɗauko masa wani kalangu da ke rataye a ɗaki, fatar ta huje, tsarkiyar ta tsintsinke, ya rungume shi a hammata yana nuna mana yadda ake matsawa murya ta hau a saki ta sauka. Mu duk hankalinmu na kan tsohon. Yaranku kuwa idonsu na kan wani babur da ke jingine a zaure, ƙura ta rufe shi, kaji na kwana a ƙarƙashinsa. Ashe na ɗansa ne, da shi yake acaɓa yana ciyar da gidan, ya fara hayaƙi ya daina ja, kuɗin ringi ya gagara, aka jingine shi tun kafin damina. Suka kira ku a waya, kuka ce su nemi kayan a kasuwar garin a rubuta a kanku. A daren nan, da fitilar waya, suka sauke injin suka ɗaura. Da safe yaron gidan ya fita aiki. Shinkafar da muka kai za ta ƙare cikin 'yan makonni, babur ɗin kuwa kullum zai shigo da cefane. Mu da muka shirya tafiyar muka sa riguna aka yi ta ɗaukar mu hoto, mu ne mawaƙan, yaranku su ne makaɗan da ke baya, waɗanda in sun tsaya waƙar ta tsaya.

Hanyar Daura ta Mashi ba ta ba mu matsala ba, ban da faci ɗaya. Mun yi gaisuwa a fada, mun sha ruwan Kusugu kamar kowane baƙo, mun yi wa Shata da sauran magabata addu'a, muka raba abin da ya rage ga iyalan wasu mabusa da makaɗan fada. A can ma wani makaniken da kuka kira shi ya tarbe mu a bakin gari ya nuna mana gidajen, don mu kaɗai da sai mu yini muna tambaya.

Ga masu babura na Katsina da kewaye, shaidata ke nan a kan wannan gareji: ba a sa maka jabu, ba a ƙirƙiro maka ciwon da babur ɗinka ba shi da shi, in kuma abu ya lalace za a gaya maka ko ranka zai ɓaci. Sai dai ka zo da haƙuri, don Maigida ba ya sakin aiki sai ya hau ya zaga da kansa ya taka birki ya ji.

Maigida, kuɗin ringi da baƙin man da aka sa a babur ɗin Funtuwa mun haɗa, kun mayar mana har gida. Mun shawarta mun ba da shi a ɗaure wa tsohon nan kalangunsa, an sami mai yi a garin. In Allah ya kai mu bayan girbi muna da niyyar leƙa ƙasar Zamfara da Sakkwato, wajen su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Ɗan'anace, in hanya ta yi kyau, kuma sai mun zo kun ce ta yi kyau kafin mu sa rana.

Allah ya saka muku da alheri, ya yi wa yaranku albarka, ya buɗa kasuwa, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.

Naku,
Sakataren tafiya,
Katsina.