Amsa ga mai tambaya: ni ba dillalin kotu ba ne

Assalamu alaikum, Malam.

Na ga tambayar da ka jefo mini a bainar jama'a bayan hirar da aka yi da ni a rediyo. Ka ce wani kamfani ya makara da shekara biyu amma kotu ta ba shi damar ɗaukaka ƙara, wata mata da mijinta ya rasu ta makara da wata biyu a shari'ar gida aka kore ta. Sai ka tambaya: wannan dama da doka ta bar wa alƙali ba ciniki ba ce? Da a nan ka tsaya, da na yi maka godiya. Amma ka ƙara da cewa mu lauyoyi ne dillalan cinikin, shi ya sa nake kare shi.

Malam, tun kana makarantar allo nake hawa matakalar kotu. Ka je ka tambayi masu rajista da masinjojin da suka san ni ko an taɓa ganina na bi alƙali ta ƙofar baya. Na san zagin lauya yana tara mabiya, kuma na ga ka tara, Allah ya sanya albarka.

Ga abin da ba ka tsaya ka karanta ba. A shari'ar da ba ta laifi ba, doka ta ba da wata 3 a ɗaukaka ƙara daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara kan hukuncin ƙarshe, kwana 14 kan umarnin da aka bayar ana tsakiyar shari'a. Sashe na 241 na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa inda ɗaukaka ƙara haƙƙinka ne, sashe na 242 ya ce sauran sai da izinin kotu. Wanda wa'adi ya wuce shi, abu biyu zai kawo tare: gamsasshen dalilin jinkiri a takardar rantsuwa, da hujjojin da ke nuna akwai abin sauraro a ƙarar. Kotun Ƙoli ta jaddada haka tun 1980 a shari'ar Ibodo da Enarofia. Alƙali takardar da ke gabansa yake dubawa. Idan aka rubuta masa layi uku, "ba ta da lafiya, ba ta da kuɗi", babu takardar asibiti, babu kwanan wata, me zai riƙe? Kamfanin kuwa ya zo da lauyan da ya bi jinkirin wata-wata ya bayyana, ko ya ce kotun farko ba ta ma da hurumin shari'ar, wanda shi kotu ba ta cika tsaurara batun jinkiri a kansa ba. Idan kuma alƙali ya karkace, ya dubi abin da bai kamata ba, kotun da ke sama tana iya rushe abin da ya yi, kamar yadda aka yi a shari'ar Jami'ar Legas da Aigoro a 1985.

Ka ce a ƙwace damar gaba ɗaya. An gwada. Sashe na 285 ya ɗaure ƙarar zaɓe da kwana 180, kuma a 2012, a ƙarar zaɓen gwamnan Borno, Kotun Ƙoli ta ce ko kwana ɗaya ba a ƙarawa. Ƙararrakin da aka ce a sake saurara suka mutu ba a ji su ba. Haka kake so a yi wa marayu a shari'ar gado?

Maganarka ta cewa ba a taɓa samun alƙali mai cin hanci da na yarda da laifinsa ba, ba ta cancanci dogon bayani ba. Akwai su, Majalisar Shari'a ta Ƙasa ta sha ba da shawarar a kore su.

Abin da ya kamata ka yi wa ihu daban ne. Talaka yakan cinye wata ukun nan yana zaryar neman kwafin hukunci, yau a ce mai buga takarda bai zo ba, gobe a ce babu wuta. Kuɗin haɗa kundin shari'a kaɗai ya isa ya sa mutum ya haƙura da gidansa. Masu hali kuma suna ɗaukaka ƙara kan kowane ƙaramin umarni don ainihin shari'ar ta tsufa. A kan waɗannan ban taɓa ganin ka rubuta ko layi ɗaya ba.

Idan matar nan da gaske akwai ta, ka turo ta ofishina da takardunta, ba zan karɓi ko sisi ba.

Wassalam,
Lauyan da ka kira dillali