Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Karatu: Shekarar Labaran Makarantun Kwana na 'Yan Mata

Assalamu alaikum. Hajiya shugaba, iyayenmu da ke cikin wannan ƙungiya, yayye da ƙanne, ga bayanin abin da muka yi bana. Lissafin kuɗi ba ya cikinsa, ma'ajiya za ta kawo shi daban ranar babban taro.

A zaman ƙarshe na bara aka tsayar da cewa za mu ba da shekarar nan kacokan ga tsofaffin labaran yara na Ingila waɗanda aka gina a kan makarantun kwana na 'yan mata. Masu shawarar su ne waɗanda suka tashi suna karɓa-karɓar littattafan Enid Blyton a hostel har bangonsu ya rabu da su. Wasu sun ce wannan karatun yara ne, mu kuwa har da masu jikoki. Aka kaɗa ƙuri'a, aka rinjaye su, kuma cikinsu ne daga baya aka samu masu riga kowa zuwa.

Mun faro daga tushe, wato The Governess na Sarah Fielding, wanda ya fito a 1749. Yara tara ne a hannun wata malama, suka ba hamata iska a kan tuffa guda, sai aka zaunar da su kowace ta faɗi tarihinta da laifinta. Nasiha ta fi labari yawa, ba mu daɗe a kansa ba. A Little Princess na Frances Hodgson Burnett, na 1905, shi ya fara ɗumama zama. Sara Crewe 'yar gata ce a wata makaranta a Landan har ranar da labari ya zo mahaifinta ya rasu kuma dukiya ta salwanta, nan take shugabar makarantar ta mayar da ita 'yar aike, ta tura ta ɗakin can saman rufi. Malaman makaranta da ke cikinmu ne suka riƙe maganar ranar, a kan yadda ake yi wa yarinyar da kuɗin makarantarta ya tsaya a tsakiyar zango.

Angela Brazil, wadda labarinta na makaranta na farko ya fito a 1906, ita ce ta juya abin. Ta bar wa'azi ta koma ba da labari ta bakin yaran, da shaƙiyancinsu da irin maganarsu, har wasu shugabannin makarantu suka hana a karanta ta. Ta rubuta kusan 50. Ba mu samu na takarda ba, a waya muka karanta, tunda tsofaffin suna nan kyauta a intanet. Iyayenmu sun koka da ƙanƙantar rubutu, an ji.

Rabin shekarar Blyton ce ta cinye. St Clare's littafi 6 ne, daga 1941 zuwa 1945, labarin tagwaye Pat da Isabel. Malory Towers shi ma 6 ne, daga 1946 zuwa 1951, ana bin Darrell Rivers tun zangonta na farko har na ƙarshe, a makarantar da ke bakin teku a Cornwall, mai wurin ninkaya a cikin duwatsu wanda ruwan teku ke cikawa. A nan hira ta fi karatu yawa. Ana zuwa wurin da yaran ke tashi tsakar dare su ci kek da kifin gwangwani a ɓoye, sai ɗaki ya kaure, kowa na tuna nata: gari da ƙuli da suga a roba ɗaya bayan an kashe fitila, ɗaya na gadin ƙofa kada metiran ta faɗo. Tsokanar malamar Faransanci, zumuɗin ranar ziyara, sabuwar ɗaliba mai girman kai da za a sauke mata shi, duk mun san su. Abin da babu a can shi ne gabza, da ɗibar wa siniya ruwa da asuba, da bulala.

Amma karatun girma ya nuna mana abin da idon ƙuruciya bai gani ba, kuma a ganina wannan shi ne babban abin da muka samu bana. Blyton ba ta da tausayin yarinya mai kewar gida. Gwendoline ta Malory Towers, 'yar lelen uwarta, tana kuka ranar farko aka fara yi mata dariya, aka bi ta da ita littafi bayan littafi, sai a na ƙarshe, da mahaifinta ya kwanta ciwo, aka sassauta mata. Baƙuwa kuma, Bafaransa ce ko 'yar Amurka, kusan kullum abin dariya ce har sai ta koyi zama kamar 'yar Ingila. Haka yarinyar da arzikin gidansu sabo ne. Muna yara muna tare da masu dariyar. Yanzu da yawa cikinmu sun ga ƙannensu ko 'ya'yansu a jikin wadda ake yi wa.

Wata rana muna karatu a bayyane, sai Anti mai kula da akwatin littattafai ta tsayar da mai karatu, ta ce nata ba haka ya ce ba. Aka jera biyun a kan tabarma, nata tsohon bugu da ta saya a wurin masu gwanjon littattafai, takardarsa ta yi ja, da sabon bugu mai sheƙi. A tsohon, Darrell ta fusata ta sharara wa Gwendoline mari a wurin ninkaya. A sabon an cire marin, girgiza ta kawai ta yi. Muhawara ta kai mu har kiran magariba. Masu goyon gyaran sun ce ba a koya wa yara duka. Ni ina tare da ɗaya ɓangaren: zuciyar Darrell ita ce jarrabawarta a duk jerin, in aka rage laifin, haƙurin da ta je ta bayar ma ya rage nauyi.

Chalet School na Elinor Brent-Dyer ya fi ƙarfin shekara guda, littafi 58 ne daga 1925 zuwa 1970. Biyu muka ɗauka. Na farko, inda Madge Bettany ta buɗe makaranta a duwatsun Tirol na Ostiriya tare da ƙanwarta Joey mai yawan laulayi. Sai The Chalet School in Exile na 1940. Bayan Jamus ta haɗiye Ostiriya a 1938, 'yan matan suka tare wa wani tsoho Bayahude da gungun 'yan Nazi suka tasa a gaba, dole wasunsu suka tsere ta duwatsu zuwa Suwizalan, makarantar ta yi ƙaura zuwa tsibirin Guernsey, wanda shi ma Jamus ta mamaye a 1940. Ba a yi dariya a wannan zaman ba. An ambaci Chibok a 2014, Dapchi a 2018, Jangebe a 2021, kuma wasu iyaye a cikinmu sun faɗi dalilin da ya sa suka mayar da 'ya'yansu jeka-ka-dawo alhali su kansu kwana suka yi kuma sun ji daɗinta. Allah Ya tsare mana zuri'a.

A dogon hutu mun yi wa 'ya'yan membobi zaman karatu na safe, kuma mun kai kwalin littattafai wata makarantar 'yan mata ta gwamnati. Kwamiti ya ba da shawarar duk mai ba 'yarta waɗannan littattafai ta karanta tare da ita, ko aƙalla ta tambaye ta me take gani game da Gwendoline.

Maganar fassara Blyton zuwa Hausa an ajiye ta. Ta rasu a 1968, littattafanta har yanzu suna ƙarƙashin haƙƙin mallaka, sai da izini. Burnett kuwa ta rasu tun 1924, don haka masu sha'awa sun fara gwada babin farko na labarin Sara Crewe. Abin da ya fi wannan shi ne namu: mun nemi labarin Hausa na yara, wanda ya zauna a hostel ɗinmu da uwar ɗaki da 'yar ɗaki da akwatin ƙarfe, don mu sa a jadawali, hannunmu bai kai gare shi ba. Shi ya sa aka roƙi duk wadda ta yi kwana ta rubuta shafi biyu na abin da ta gani. Kaɗan ne suka kawo zuwa yanzu.

Ƙorafi biyu ne. Akwai littattafan ƙungiya da suka kwana a gidajen mutane tun kafin azumi, a dawo da su kafin babban taro. Zauren WhatsApp kuma na sanarwa ne da karatu, masu tallan atamfa da turaren wuta su yi haƙuri su buɗe nasu.

Baɗi za mu koma littattafan Hausa, za a zaɓi jadawali ranar taron. Masu shafi biyun nan su zo da su a rubuce ko su turo wa sakatariya, mu ga ko za su isa a haɗa ɗan littafi.

Sakatariya, a madadin kwamitin gudanarwa.