Wasiƙa zuwa ga Ummi a kan lambobin kaso da ke jikin zanenta

Tudun Wada, Zariya

Ummina,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu ma nan ƙalau, sai hazo da ya sauko da wuri bana.

Ƙaninki ya nuna mini rahoton da kika turo, na sa ya je Sabon Gari ya bugo mini shi a takarda, don idona ba ya jure hasken waya. Sau biyu na karanta shi. Aiki ya yi kyau, Allah Ya yi miki albarka. Sai dai zanen da'irar nan mai yanka huɗu ya tsaya mini a rai. Na ɗauki biro na tara lambobin da ke jikinsa: 13 da 13 da 38 da 38. Sun ba ni 102.

Na san ba ki yi kuskuren lissafi ba. Ƙauyuka takwas ne, ɗaya cikin takwas kuwa 12.5 ne, uku cikin takwas 37.5. Manhajar ce ta cike kowace lamba zuwa sama, domin idan ba a ce mata komai ba, Excel kan nuna kason da'ira ba tare da abin da ke bayan ɗigo ba. Haka in kika raba abu gida uku daidai, za ta rubuta 33 sau uku, a tashi da 99. Ni na san wannan, ke ma kin sani. Amma wanda zai karanta rahoton a ɗakin taro bai ga teburin lissafinki ba, zanen kawai yake gani.

Na taɓa ganin illar haka da idona. A wani ofis da na yi aiki, mun kwashe watanni muna tattara alƙaluma, ranar gabatarwa wani babba ya tara kason zane ɗaya, ya ga ya haura ɗari, ya kife takardar. Daga nan ba wanda ya ƙara sauraron sauran bayanin, ga shi kuwa duk gaskiya ne. Har yau abin yana yi mini ciwo, kuma ba na so ya same ki.

A zamaninmu da kamfas da ma'aunin kusurwa muke zana da'ira. Digiri 360 ne, saboda haka kowane kashi ɗaya cikin ɗari yana cin digiri 3.6. Dole ka lissafa kowane yanka da hannunka, in bai rufe ba takardar ce za ta gaya maka. Ku yanzu kwamfuta na rufe muku da'irar ko da lambobin ba su cika ba, shi ya sa aikin dubawa ya dawo wuyanku.

Gyaran ba wuya. Ki danna kan lambobin, ki shiga Format Data Labels, a sashen Number ki sa 0.0%, za su koma 12.5 da 37.5, su haɗu su ba da ɗari cif. Inda kuma hakan bai warware ba, kamar 33.3 sau uku, ki rubuta ɗan layi a ƙasan zanen cewa an taƙaita lambobin, don haka jimillarsu ba lalle ta cika ɗari ba. Kada ki taɓa ƙara wa wani yanka ko ki rage masa da hannu don lissafi ya yi kyau a ido. Wannan tauye mudu ne, ko da ba hatsi ake aunawa ba.

In kina ganin rabin kashi ba komai ba ne, tuna zakka. Ta kuɗi ɗaya ce cikin arba'in, wato 2.5%. Ki bar manhaja ta cike ta, sai ta rubuta 3%, kin ɗora wa mutum abin da shari'a ba ta ɗora masa ba. A naira miliyan ɗaya, bambancin naira 5,000 ne. Ta amfanin gona kuwa, 10% ga na damina da 5% ga wanda aka sha wahalar ban ruwa, ba ta bukatar ɗigo ko kaɗan. Abin da ake aunawa ne ke faɗa miki lamba nawa za ki bari bayan ɗigo. Amma duk wadda kika zaɓa, ki riƙe ta a zanen baki ɗaya, kada lamba ɗaya ta ce 40% ta kusa da ita ta ce 37.52%.

Akwai kuma inda ɗigon kansa ke yaudara. Na ga inda kika rubuta 66.7%, da na duba sai na tarar mutum biyu ne cikin uku. Ummi, mutum uku ba sa ɗaukar wannan ado. Ki rubuta biyu cikin uku, ko ki sa adadin mutanen kusa da kason, mai karatu ya san girman kwaryar da aka ɗebo.

Ki kuma kula da maɓallin kaso na Excel, mai alamar %. Shi ninkawa yake yi sau ɗari wajen nunawa: 0.25 ya zama 25%, amma in ya tarar da 25 a gidan lambar, 2500% za ki gani. Sannan in kika tace wani rukuni daga teburi, da'irar za ta sake raba ɗarin tsakanin waɗanda suka rage, kaso ya kumbura ba tare da ta yi miki sallama ba.

Abin da ya fi damuna shi ne jimlar da kika sa a saman zanen sanduna, cewa an samu ƙarin kashi 10 cikin ɗari, daga 40% zuwa 50%. Tazarar maki 10 ce, amma ƙarin da aka samu a kan abin da ake da shi kwata ne, wato 25%. Duka biyun gaskiya ne, sai dai ba abu ɗaya ba ne, kuma da irin wannan jimlar ake yanke wa mutane kasafi. Ki faɗi wanda kike nufi a fili.

Tunda kin ce takwarorinku na Maraɗi ma za su karanta, ki tuna su da waƙafi suke raba lamba irin na Faransanci, 12,5 a inda mu muke sa 12.5.

In kin gyara, ki sake turo wa ƙaninki ya bugo mini, biron yana nan a aljihuna. Mahaifiyarki na gaishe ki, ta ce ta ajiye miki kuka da daddawa, sai an samu mai zuwa. Ki gaida maigidan, ki shafa mini kan yara.

Wassalam,
Mahaifinki