In Famfon Ɗaga Injin Kwalekwale Ya Ƙi Aiki Bayan Gyara

Malam Edita, assalamu alaikum.

A ba ni fili in ja hankalin 'yan'uwa masunta na Fot Sudan. In an sake haɗa famfon da ke ɗaga inji, yana kuka amma injin bai tashi ba, galibi iska ce ta shiga. A fara ƙara ɗaure bawul ɗin da ake kwancewa in za a saki inji da hannu, sau da yawa ana barin shi sako-sako. Sannan a ɗaga injin har ƙarshe, a tokare shi, a cika man ATF (man giyar mota mai otomatik) har bakin ramin zuba mai na famfon, a yi sama da ƙasa sau 5, a sake cikawa.

In injin yana sauka da kansa, mai yiwuwa robar da ke hana mai yoyo ce ta tsage wajen haɗawa. Mai ya koma kamar madara? Ruwan gishiri ne ya shiga, a zubar da man, a canza roba.

Naku,
Makanike, Fot Sudan